Sunan da Inna Ba Ta Taɓa Kira Ba

Na yi shekaru ina aikin jinya a Jidda, na ga haihuwa na ga mutuwa har sun daina ba ni mamaki, amma akwai wata safiya da ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa ba na jin zai iya cinye ta. Ba ma a asibiti abin ya faru ba. A wani ɗan ɗaki ne mai sanyin na'ura, ni da wata tsohuwa da tafinta, sai wata baturiya a allon bidiyo, kuma duk abin da ake jira a ranar kalma ɗaya ce tak daga bakin tsohuwar.

Daddawa ce ta haɗa mu. Ina zaune a unguwar Madain Fahd lokacin, shinkafar Larabawa ta ishe ni, kwaɗayin miyar kuka ya hana ni sakat. Wata abokiyar aikina ta kwatanta mini wani lungu a Hindawiyya, ta ce in hau bene har ƙarshe, zan tarar da wata tsohuwa mai sayar da kayan miyar da alhazai ke kawo mata daga gida. Na hau ina haki. Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Ke kuwa wa ya bar ki kika rame haka? A asibitin naku ba a cin abinci ne?" Kafin in ba ta amsa ta tura mini kwanon tuwo. Tun daga ranar duk Juma'a ina can. Ina ce mata Inna, ita kuwa Likita take ce mini. Na gaji da gaya mata cewa ni nas ce, sai ta ce ai tunda ina yin allura magana ta ƙare.

Tare take da jikarta, yarinyar da aka zo da ita tana ƙarama ta girma a lungun, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Ban taɓa ganin kaka mai shagwaɓa jika kamar Inna ba. Tsokar da ta fi kyau a miya ta yarinyar ce, in ta yi tari sau ɗaya sai an kira ni a waya ina tsakiyar aiki. Yarinyar tana tsokanarta da ajuza, wato tsohuwa, ita kuma tana ce mata ƙawata marar kunya. Umra suka zo suka zauna, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafilin da zai tsaya musu, don haka yarinyar ba ta taɓa shiga makarantar hukuma ba, sai ɗan karatu a gidan wata maƙwabciya. Duk ranar da aka ce ana kame a unguwa sai su kulle ƙofa, ko wuta Inna ba ta kunnawa don kada warin daddawa ya tona musu asiri. In na tambaye ta labarin gida sai ta ce, "Gida yana nan inda Allah Ya ajiye shi," ta canza magana.

A bakin ƙanen Inna na ji labarin. Yana zaune a wata ƙasa mai nisa, irin wadda in muna rana su suna dare. Ya kira ni ya ce ƙasar tana da hanyar karɓar waɗanda suka gudo don tsira da rai, yana so ya nema wa yayarsa da yarinyar, amma yana bukatar mai Turanci a kusa da su. Sai ya gaya mini abin da Inna ta ɓoye. Ɗanta na fari shi ne muƙaddamin zawiyar ƙauyensu, a arewa maso gabas. 'Yan bindigar daji suka aiko masa cewa wazifa da zikirin Juma'a shirka ne, ya daina. Bai daina ba. Wata Juma'a da yamma suka zo suka same shi a tsakiyar da'ira, suka harbe shi a gaban jama'a, suka ce gidansa gidan masu ridda ne, ba za su bar ko iri ba. Matarsa ta rasu a hanyar gudu, ciwo ya kama ta babu magani. Yarinyar nan mai ce wa kakarta ajuza ita kaɗai ta rage daga gare shi.

Na cike takardu yadda ya faɗa mini, kuma a nan na fara sanin yadda masu wannan aiki suke auna magana. Ashe bai isa ka ce ana yaƙi a garinku ba, yaƙi kowa yake ci. Sai ka nuna kai ɗin aka nema, kuma saboda abin da ka yi imani da shi. Sai ka nuna har yanzu haɗarin yana nan, kuma ba wani gari a ƙasarku da za ka koma ka zauna lafiya. Abin da ya fi komai kuma, maganarka ta baki ta yi daidai da ta takarda, don mafi yawan masu gudu ba su da wata shaida sai bakinsu. Da aka sa ranar hira na ce wa Inna mu zauna mu yi bita, ni in zama baturiyar da za ta yi mata tambayoyi. Ta ce, "Ƙarya ake yi wa bita, Likita. Gaskiya ta san hanya." Na yi dariya na ƙyale ta.

Ranar hirar farko aka ce zan iya shiga a matsayin 'yar rakiya, amma in zauna a baya, bakina alaikum. Tafintan wani saurayi ne haifaffen unguwar Ammariyya, mai ladabi, Turancinsa tas, Hausarsa kuma irin ta 'ya'yan Jidda, ana ji ana ganewa amma ba ta taɓa kwana a ƙauye ba. Baturiyar ba ta da zafi. Ta gaishe da Inna, ta tambaye ta ko tana son ruwa, sannan ta shiga aiki. Ta ce waɗanda suka kai harin Musulmi ne, ku ma Musulmi ne, to ina addini ya shigo a nan? Inna ta gyara zama kamar dama abin da take jira ke nan. Ta kwatanta farin ƙyallen da ake shimfiɗawa a tsakiya, yadda ake zagaye shi bayan la'asar har rana ta faɗi, abin da ake karantawa da farko da na ƙarshe, da yadda waɗancan mutane suke cewa duk mai yin haka jininsa ya halatta. Baturiyar ta yi ta juya tambaya ta nan ta can, don ta ga ko haddar labari aka yi, Inna tana amsawa har da gyara wa tafinta inda ya yi kuskure. Ni a baya sai murmushi nake, ina cewa a raina an gama.

Sai baturiyar ta ce, mutumin da aka kashe, mene ne shi a wurinki? Inna ta sunkuyar da kai, ta shiga wasa da bakin mayafinta, ta ce, "Ɗan mai gidana ne." Tafinta ya juya yadda ya ji. Aka ce sunansa fa? Ta ce, "Yana cikin takarda." Aka ce ta lissafa 'ya'yanta, ta lissafa na bayansa, ta tsallake shi. Na ga baturiyar ta duba takarda, ta dubi Inna, ta sake duba takarda. Na yi gyaran murya da ƙarfi, ta ɗaga ido ta tuna mini sharaɗin da aka yi da ni. A ƙarshe ta yi tambayar da dukan shari'ar ke rataye a kai, ta ce kina jin tsoron komawa ƙasarku? Inna ta ɗaga kai da izza ta ce, "Ni ba na tsoron kowa sai Allah."

Duk Bahaushen da ya taso a gida ya san abin da ya faru a ɗakin nan. Macen da aka yi wa tarbiyya irin ta da ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta cewa nawa ne, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Alkunya ke nan. Kuma tsohuwar da ta yi shekaru tana jan carbi ba za ta buɗe baki ta ce tana tsoron ɗan Adam ba. Ba ƙarya ta yi ba ko ɗaya, ai kuwa ɗan mai gidanta ne. Amma a kunnen baturiyar, takarda ta ce ɗa, baki ya ce ɗan miji, ga mace ba hawaye, ga shi ta ce ba ta tsoro.

Muna shiga mota na sauke mata kwandon masifa. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Na ce, "Inna, me kika yi mana haka? Ɗan mai gidanki? Ke kuma a ina kike aka haife shi, kina kasuwa?" Ta ce, "Ai ta san nufina." Na ce, "Ba ta sani ba. A garinsu uwa har sumbatar ɗanta take yi a tasha." Ta ce, "To Allah Ya shirye su." Direban ɗan Yaman ne, ba ya jin abin da muke faɗa, amma sai da ya rage rediyo.

Bayan 'yan makonni saƙo ya zo cewa an sami saɓani a bayaninta, za a ba ta dama ta biyu ta warware. A cikin saƙon akwai abin da ya fi wannan muni. In mamacin ba ɗanta ba ne, to yarinyar ba jikarta ba ce, kuma ba za a haɗa su a nema ɗaya ba. Na rubuta musu dogon bayani a kan alkunya, suka amsa da ladabi cewa sun karanta kuma za su yi la'akari da shi, amma shaida daga bakin mai ita ake karɓa. Na so in ji haushinsu, na rasa ta ina. In da ni ce a kujerar, mutum ya faɗi abu biyu, ni ma sai na tambaya.

Na koma kan Inna, lallashi na yi, faɗa na yi. Na ce al'ada ba za ta ba ta biza ba. Na ce ko malamai sun ce lalura tana halatta abin da aka hana, balle wannan da ba aya ba hadisi. Ta bari na gama ta ce, "Likita, uwata ta koma ga Allah ba ta kira sunan yayana ba. Yana raye ban kira shi ba, sai yanzu da ƙasa ta rufe shi zan je gaban baƙuwa in yi ta yayata shi?" Ta tura mini tuwo, na ce na ƙoshi, abin da ban taɓa yi mata ba.

Gaskiyar magana, fushina ba duka na takarda ba ne. Ni ma 'yar fari ce. Ummanmu ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" nake, ko "waccan". Ranar da na ci jarrabawa ƙannena ta rungume, ni ta ce in je in ɗebo ruwa. Ko da na zo Jidda, in na kira waya sai ta ce an yini lafiya, ya aiki, ta miƙa wa ƙanwata. Na girma da wani ɗan dutse a ƙirji, har na yi alkawari in na haihu sai unguwa ta gaji da jin sunan ɗana na fari, kuma na cika. Don haka duk lokacin da Inna ta sunkuyar da kai, Ummanmu nake gani.

Ana gobe hira ta biyu na je da la'asar, na tarar tana yi wa yarinyar kitso. Na samu wuri na zauna, na gaji. Ashe yarinyar tana jin duk abin da muke yi a 'yan kwanakin. Kanta a cinyar kakarta, ba ta ko juyo ba, ta ce, "Sitti, ya'ani in abuya ba ɗanki ba ne, ni jikar wa ce?" Abuya shi ne baba, Sitti kuwa kaka a bakin 'yan Jidda, kuma ba ta kiranta haka sai magana ta yi nauyi. Hannun Inna ya tsaya cak a cikin gashin. Na ɗauka amsa za ta ba ta. Can sai ta ce, "Gyara kanki, kin karkace," ta ci gaba da kitso. Na tafi gida ban san inda muka kwana ba.

Da safe muka bar yarinyar a ɗakin jira muka shiga. Baturiyar nan ce dai, da tafintan nan. Ta yi bayani a hankali cewa akwai magana biyu a gabanta, tana so ta ji wacce ce daidai, mutumin nan mene ne shi a wurin Inna? Tafinta ya matso ya ce ƙasa-ƙasa, "Ya Hajiya, halas, ki faɗa mata kawai, Allah Ya ba ki lafiya." Inna ta ce, "Tambaye ta, tana da 'ya'ya?" Ya tambaya. Baturiyar ta ce tana da su. "Na farin, tana kiran sunansa?" Ta ce kullum. Inna ta gyaɗa kai ta ce, "To ta ji daɗinta."

Daga nan ta fara, muryarta ba ta rawa, kamar mai ba da labarin wata. Ta ce ranar suna tana ɗaki ta ji an raɗa masa suna a zaure, ta ɗauka ta ajiye a ciki, ba ta sake fito da shi ba. Ta ce yana yaro in ya faɗi ba ta ɗaga shi, sai ta tsaya bayan rumbu tana leƙe har wani ya ɗaga. In ta dafa abin da yake so sai ta ce ƙannensa ta dafa wa. Ranar da ya fara jan zikiri mata suka zo yi mata barka, ta ce ita ba ta san ma ana yi ba, alhali tana jikin danga tun farko har ƙarshe. Ta ce ranar Juma'ar nan ma tana jikin dangar. Ta ga shigowarsu, ta ji abin da suka ce, ta ga farin ƙyallen ya canza launi. Da aka shigo da shi gida mata suna kuka, ita ta ɗauki tulu ta tafi rijiya, don wani ya ɗebo ruwan wankan gawa, kuma uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban mutane.

Sai ta ɗaga kai ta dubi allon sosai ta ce, "Ɗana ne. Ni na haife shi." Ta kira sunan. Ba zan rubuta shi a nan ba, ba nawa ba ne. Amma ta kira shi a hankali, da ɗan ja a ƙarshe, irin kiran da uwa ke yi wa yaro ya shigo ya ci abinci. Tafinta ya buɗe baki ya rufe, suna ba ya bukatar fassara, baturiyar ta ji da kunnenta. Inna ta sake kira, wannan karon ba don kowa ba, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni da aka ce kada in yi magana, ba a ce kada in yi kuka ba, na yi mai isata.

Kada mai karatu ya ɗauka hawaye ne suka ci shari'a. Baturiyar ta ba da hutu, aka kawo ruwa, ta dawo ta ci gaba da tambayoyinta ba sassauci. Me ya sa ba za su zauna a wani gari ba? Inna ta faɗi garin da suka fara gudu, da yadda wasu baƙi suka zo kasuwa suna tambayar iyalan muƙaddami, har mai masaukinsu ya roƙe su su ƙara gaba. Aka bi labarin daga farko, komai ya zauna a inda takarda ta ajiye shi. Sai aka dawo kan tsoro. Inna ta ce, "Maganata tana nan, ni ba na tsoron kowa sai Allah, na tsufa, likkafanina ma yana cikin jaka. Amma sun ce ba za su bar iri ba, ga irin can zaune a waje da sabon kitso. Ita nake ji wa tsoro, dare da rana."

An daɗe ana jira, har na fara cewa sun manta da mu. Aka yi gwajin lafiya, aka yi ta kai da komo a kan takardun fita, sannan amsa ta zo an karɓe su su biyu. Ranar tafiya na kai su filin jirgi. Yarinyar tana ta yalla yalla, wai a yi sauri, Inna kuwa tana faɗa da ni a kan ƙullin daddawar da na ce ba za a bar ta ta shiga da shi ba. Daga ƙarshe ta danƙa mini shi ta ce in ci in yi ƙiba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Likita, ke 'yar fari ce ko?" Na ce wa ya gaya mata. Ta ce, "Faɗanki. Ba da ni kike yi ba. In kin koma ki kira uwarki."

Ban jira na koma ba, a mota na kira. Ummanmu ta ɗauka ta ce an yini lafiya, ya aiki, ta miƙa wa ƙanwata kamar kullum. Na ce wa ƙanwata, "Umma ta fita ne?" Ta yi dariya ta ce, "Ta fita ina? Ai duk ranar da kika kira a nan take zama kusa da ni, ta ce in ƙara murya. In kin kashe kuma sai na maimaita mata duk abin da kika ce." Na ce tun yaushe. Ta ce, "Tun ranar da kika tafi."

Abin da na koya shi ne, kafin ka yanke wa mutum hukunci a kan abin da ya faɗa, ka nemi sanin abin da aka koya masa ya yi shiru a kai. Baturiyar nan ta sake tambaya sau ɗaya, ta ceci mutum biyu, ni kuwa na yi shekaru da tawa uwar ban tambaya ba. Har yau Ummanmu "ke" take ce mini. Amma yanzu in na kira ta miƙa wa ƙanwata waya, sai in ɗaga murya, don na san wa ke jikin danga.